Icce Tun Yana Ɗanye: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 4, malamarsa ta ce in ƙara masa darasin yamma domin "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi". Abin da karin maganar yake nufi ke nan?

Amsa: Malama, karin maganar nan ya sha wuya a bakin mutanen yau, domin duk wanda yake son ɗora wa yaro kayan da suka fi ƙarfinsa sai ya rarumo shi ya kafa hujja. Ki dubi kalmar aikin da kyau. Tanƙwarawa ita ce juya abu a hankali har ya ɗauki siffar da ake so ba tare da ya karye ba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ɗanyen reshe ya san idan aka danne shi gaba ɗaya tsagewa yake yi. Magabata kuwa a kan hali suka yi maganar, wato ladabi da gaskiya da kunya, waɗanda suke wuyar gyaruwa idan mutum ya girma. Ba su ce tun yana ɗanye ake tsinkar 'ya'yansa ba, alhali wanda yake neman ɗan shekara 4 ya zo na ɗaya a jarrabawa 'ya'yan iccen yake nema. A Finland sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga firamare, ban kuma ji an ce iccensu ya bushe ba. Af, masu rubuta "tankwara" babu lanƙwasa a kan harafin "k" su ji tsoron Allah su gyara.

Tambaya: Mene ne bambancin hazaƙa da basira da ƙwazo?

Amsa: Biyun farko aro ne daga Larabci. Hazaƙa saurin kama abu ce, basira kuwa daga tushen gani ta fito, wato hangen abin da yake bayan magana. Ƙwazo naci ne a kan aiki. Abin da yake damuna shi ne iyayen da suke kiran yaro "haziƙi" don kawai ya jero ƙidaya daga 1 zuwa 100, ga shi idan aka ajiye masa tsakuwa bakwai ba zai iya faɗin ko nawa ne ba. Sunan wannan hadda, kuma tana da amfaninta, amma a kira ta da sunanta.

Tambaya: "Da rarrafe yaro kan tashi" fa?

Amsa: A fili yake: ba a tsallake mataki.

Tambaya: A "sauri ya haifi nawa", tambaya ake yi?

Amsa: A'a, ba "nawa" ta ƙidaya ba ce, ba kuma ta mallaka ba. Wannan "nawa" jinkiri take nufi, kamar a ce "yana da nawar tafiya", kuma a baki furucinsu ya bambanta, rubutun boko ne ya haɗe su.