Sari a Costco da Sam's Club: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga 'yan'uwa mazauna Amurka da Kanada da Ingila, kuma duk a kan manyan kantunan sari ne irin su Costco da Sam's Club, inda sai mutum ya biya kuɗin rajista na shekara kafin ya yi sayayya, kuma kusan komai a buhu ko a katan ake sayar da shi.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce mai yara biyar a Houston. Buhun shinkafa muke saya, kuma nakan dafa babbar tukunya ranar Lahadi mu yi ta ci har Juma'a. Na ji an ce akwai guba a shinkafa. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da kika ji sinadarin arsenik ne, wanda shinkafa ke zuƙa daga ƙasa da ruwan fadamar da aka noma ta. Ba ya kwantar da mutum nan take, sai dai taruwarsa a jiki tsawon shekaru ake gudu, musamman ga ƙananan yara. Shinkafar da ba a cashe ba ta fi farar yawansa, domin a dusar yake taruwa, kuma basmati ta Indiya da Pakistan na cikin masu ƙarancinsa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce idan aka dafa shinkafa da ruwa mai yawa, kofi 6 zuwa 10 ga kofi ɗaya, aka tsiyaye, ana rage kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Ashe dai dahuwar da iyayenmu ke yi ce, a tafasa a tace. Ki riƙa sirkawa da wake da alkama da dankali.

Amma tukunyar Lahadin nan ta fi damuna. Akwai ƙwayar cuta a shinkafa da tafasa ba ta kashe 'ya'yanta. In dafaffiya ta jima a kan murhu tana hucewa, sai su farfaɗo su zuba dafi mai sa amai da gudawa, kuma ɗumame ba ya lalata dafin. Ki rarraba ta a ƙananan robobi marasa zurfi, ta shiga firji kafin awa biyu. Ta kwana uku ta zauna a firji, ta sauran kwanakin kuwa firiza za ta tafi tun ranar Lahadin.

Tambaya: Likita, ina Maryland. Nakan sayi manyan kwalaben maganin ciwon jiki, asetaminofen da ibuprofen, masu ƙwaya 500, in ajiye ɗaya in aika wa mahaifiyata sauran a gida saboda ciwon gwiwa. Tana da hawan jini. Akwai matsala?

Amsa: Malam, Allah Ya saka maka da alheri kan kula da mahaifiya, amma ina roƙonka ka dakatar da aika mata ibuprofen. Shan sa kullum ga dattijuwa mai hawan jini na iya ƙara hawan jinin, ya raunana ƙoda, ya kuma jawo gyambon ciki har da zubar jini. Haɗarin kan ƙaru idan tana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Na sha ganin tsofaffin da aka kawo da kumburin ƙafa ko baƙin bahaya, in an bincika sai a tarar da kwalba irin wannan a gefen gado, an aiko da ita da kyakkyawar niyya.

Asetaminofen kuwa shi ne farasitamol ɗin da muka sani, suna ne kawai ya bambanta. Nan ne tarkon yake: Hajiya na iya shan naka, ta kuma sha farasitamol na kemis, tana zaton magani biyu ne. Babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 4,000 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, tsoho ko mai ƙaramin jiki kuma ƙasa da haka. Wuce iyaka hanta yake lalatawa, kuma sau da yawa ba a ganin wata alama mai tayar da hankali a ranar farko. Saboda wannan haɗarin ne Ingila ta taƙaita shi tun 1998: ƙwaya 16 a kwalin kanti, 32 a na kantin magani. Kuɗin nan ka biya mata ganin likita a duba gwiwar da ƙodar. Kwalbar gidanka kuma ka ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Tambaya: Naman da na saya da yawa, wata nawa zai yi a firiza?

Amsa: In sanyin ya kai digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kaza sukutum kan kai shekara, yankakkiya wata 9, niƙaƙƙen nama wata 3 zuwa 4 kafin ɗanɗanonsa ya fara gushewa. A kasa shi daidai girki ɗaya-ɗaya, a rubuta kwanan wata, a kuma narkar da shi cikin firji maimakon a bar shi a kan teburi.

Tambaya: Likita, na haɗa bilic da ruwan khal don wanke banɗaki, sai tari da hawaye suka kama ni. Me ya faru? Daga 'yar'uwarka a Birmingham.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya kiyaye gaba. Iskar kulorin kika shaƙa, wadda haɗin nan biyu ke fitarwa, kuma tana ƙona hanyar numfashi. Haɗa bilic da duk abin goge gilashi mai ammoniya ma na fitar da iska mai guba. Ruwa kaɗai ake sirka bilic da shi, taga a buɗe. In har yanzu ƙirjinki na miki nauyi ko numfashi na fita da ƙara, ki je asibiti yau. Kada kuma ki jibge jarkokin bilic da yawa, don ƙarfinsa na raguwa in ya daɗe a ajiye. Ƙulle-ƙullen sabulun injin wanki masu launi kuwa, yara kan ɗauke su alewa, don haka kabad mai makulli ne wurinsu.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Toronto. Kai Likita, me kake saya?

Amsa: Wake, hatsin ots, ƙwai, kifin gwangwani irin sadin, da daskararrun kayan lambu, waɗanda amfaninsu bai gaza na ɗanye ba kuma ba sa ruɓe maka. Gyaɗa da yazawa ina saya, amma firiza nake sa su, don man da ke cikinsu kan canza wari in sun daɗe, wadda ta yi fumfuna kuma zubarwa ake. Man girki ina ɗaukar wanda zan ƙarar cikin 'yan watanni.

Katan ɗin lemon kwalba ne ba na yarda ya shiga kwandona. Gwangwani ɗaya na Coca-Cola mai mililita 355 na ɗauke da suga giram 39, alhali kimanin giram 50 ne iyakar yini ga babba bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da aka jibge a gida shi hannu ke kai wa.

Ka ƙara da bitamin D. Baƙar fata a ƙasar sanyi ba ta samun isasshe daga rana, musamman daga Oktoba zuwa Maris. Maikirogiram 10 a kullum ne hukumar lafiya ta Ingila ke shawarta wa masu baƙar fata duk shekara, kuma kada a wuce 100 sai da umarnin likita. Ka duba lambar da ke jikin kwalbar kafin ka biya, domin wasu sun zarce wannan iyakar a ƙwaya ɗaya.