Bakin Yaro Kafin Littafin Nahawu: Amsa Daga Kumasi

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya tare da mahaifanki da ƙannenki baki ɗaya. Saƙonki ya iso, kuma na yi murna da jin cewa wata makarantar kuɗi a nan Kumasi ta amince ta ba ki aji biyu na firamare idan kin tare wajen maigidanki bayan salla. Kin ce an gaya miki Turancin yaran Zango gurɓatacce ne, shi ya sa kike tambaya ko ki cika akwati da littattafan nahawun da kika karanta a Zariya ki fara gyara musu harshe daga tushe, ko kuwa ki bi shawarar malaminki da ya ce a bar yara su yi magana yadda ta zo musu, ƙa'ida za ta biyo baya da kanta. Shekara 19 ke nan ina riƙe da alli a wannan gari, kuma ra'ayina shi ne ɗan shekara bakwai sai an cika masa baki da jimlolin da yake da bukatarsu kafin a kira masa sunan wata ƙa'ida, amma ita ƙa'idar ba ta zuwa da kanta a nan, sai malama ta share mata hanya.

Ki fara sanin yaron da za ki tarar. Ɗan unguwar Aboabo ko Asawase a nan Kumasi yana tashi da Hausa a gida, wani lokaci ma har da yaren kakanninsa, Mosanci ko Zabarmanci ko Dagbani. Idan ya fita layi ko aka aike shi kasuwa, Twi ne a bakinsa, wanda mu nan Zango muke kira Tonanci, da yamma kuma yana makarantar Islamiyya yana biya Larabci. Turanci shi ne na huɗu ko na biyar a kunnensa. Gwamnatin Ghana ta sha sauya matsayi a kan harshen koyarwa: a 2002 ta ce Turanci zalla tun daga aji ɗaya, daga baya aka koma ga harshen gida a ƙananan azuzuwa. Sai dai harsunan da gwamnati ta ware wa makarantu guda 11 ne, kuma babu Hausa a cikinsu, don haka ɗan Zango ko a makarantar gwamnati ba da harshen uwarsa ake fara masa karatu ba. Su kuwa makarantun kuɗi irin wadda ta ɗauke ki, da Turanci suke farawa tun ranar farko, domin abin da iyaye suka biya kuɗi a kansa ke nan.

Abin da zai fara dukan kunnenki ma ba Turancinsu ba ne, Hausarsu ce. Za ki ji yarinya ta ce "mamana ya tafi kasuwa", za ki ji ƙ da ɗ da ɓ sun koma k da d da b a bakin mafi yawansu. Hausar Zango ta yi watsi da bambancin namiji da mace a nahawunta, kuma da ita ake ciniki, da ita ake wa'azi, da ita ake ɗaurin aure. Na kawo miki wannan ne saboda yana da alaƙa kai tsaye da aikinki. Tonanci ma wakilin suna ɗaya yake amfani da shi ga mace da namiji, don haka yaron da harsunansa biyu ba su raba jinsi ba, dole ne "he" da "she" su riƙa cakuɗe masa. A shekarata ta farko na shafe zangon karatu guda ina zana jadawalin wakilan suna a allo, yara suna kwafa, suna cike gurbi, kuma suka ci jarrabawar da na yi musu a kai. Ranar da aka tashi, wani yaro da ya ci goma bisa goma ya nuna mini mahaifiyarsa a bakin ƙofa ya ce, "My mother, he is coming." A zango na gaba na bar jadawalin. Kowace safiya sai in fito da yaro ɗaya da yarinya ɗaya gaban aji, mu yi minti biyar muna magana a kansu, wace ce mai jar jaka, wane ne ya zo a makare, me take riƙe da shi, yara suna amsawa da cikakkiyar jimla suna nuna mutumin da hannu. Kafin hutu kunnensu ya fara ƙin kuskuren da kansa, har wani ya kan gyara wa ɗan'uwansa ba tare da na sa baki ba.

Akwai abin da ya fi wannan tsaya mini a rai. Duk ajin da kika shiga a ƙasar nan, yara za su miƙe su rera miki "We are fine, thank you Madam, and you?" da murya ɗaya, kuma yaranmu da suka saba da hadda sun fi kowa iya wannan, har malama sabuwar zuwa ta ɗauka sun iya Turanci. Wata rana na lura da wata yarinya a bencin baya ta kifa kai, jikinta yana rawa, idonta ya yi ja. Na tsuguna kusa da ita na tambaye ta yaya take, ta ɗago a hankali ta ce, "I am fine, thank you." Na taɓa goshinta na ji zafi rau, zazzaɓin cizon sauro ne. Ba ƙarya ta yi mini ba, amsa ɗaya ce tak littafi ya ba ta ga wannan tambayar, kuma an hana su yin Hausa a aji. Tun daga ranar, makon farko na kowace shekara ina koya wa yara yadda za su ce kaina yana ciwo, ban gane ba, a maimaita mini, wane ya ɗauki fensirina, ina son in fita. Waɗannan jimloli suna ɗauke da nahawun da manhaja ba za ta kai gare shi ba sai aji huɗu ko biyar, amma yaro yana haɗiye su ɗungurungum ya yi aiki da su, kamar yadda ya iya "sannu da aiki" tun bai san mene ne suna ba.

Malaminki yana da gaskiya a wani ɓangare. Masu binciken harshen yara, irin su Roger Brown na jami'ar Harvard a 1973, sun nuna cewa ƙananan ƙa'idojin Turanci suna zama a bakin yaro bi da bi, kuma ƙaramar "s" ta ƙarshen aikatau, kamar a "she goes", tana cikin masu zuwa a makare ko ga 'ya'yan Turawa. Haka kuma yaron da ya daɗe yana cewa "went" zai iya wayar gari yana cewa "goed", wanda alama ce ta cewa ya gano ƙa'idar shuɗaɗɗen lokaci yana gwada ta a ko'ina. Ke da kanki ki tuna, babu uwar da ta taɓa zaunar da ɗanta ta karanta masa azuzuwan jam'in Hausa, amma yana girma ya san gida gidaje, kare karnuka, doki dawaki. Don haka idan yaro ya ce miki "I goed to Kejetia", kada ki katse shi. Ki ce, "You went to Kejetia? What did you buy?", ya ji daidai ɗin a cikin hira, labarinsa kuma bai mutu a baki ba. Inda na rabu da malaminki shi ne, ɗan Ingila yana iyo a cikin Turanci daga safe har dare, ɗan Asawase kuwa 'yan awoyin aji ne rabonsa, sai abin da ya tsinta a talabijin. Abin da ba ki shirya ya ji sau ɗari ba, ba zai ji shi a wani wuri ba.

Sannan ki tambayi kanki, maganar yau da kullum ta wa za ki koyar? Turancin Ghana yana da nasa ɗabi'u, kuma ba duk abin da ya saɓa wa littafi ne kuskure ba. Yaro zai ce miki "I am coming" alhali fita yake yi, wato "ina zuwa" ɗinmu ne sak. Zai sa "please" a farkon kusan kowace jimla, har "please, yes", domin ladabin Tonawa ne ya shiga Turanci, kuma manya masu digiri ma haka suke yi. Waɗannan ki bar su a baki, daga baya ki nuna musu cewa rubutu yana da tasa hanya. Turancin Buroka kuwa harshe ne daban da samari suka fi yi a tsakaninsu, abin da ake bukata shi ne yaro ya san inda ake yin kowanne. Ke ma ki kula da naki bakin, domin mu 'yan Arewa p da f suna yawan rikiɗe mana, kuma nan ƙasar "fifty pesewas" za ki riƙa faɗa kullum a gaban yara masu kwaikwayon duk abin da suka ji.

Darasin da ya fi yi mini aiki shi ne na kasuwa. Ina jera tebur biyu, wata ta zama mai waakye, wato shinkafa da waken da sunansa ma daga Hausa ya fito, wani ya zama mai koko da ƙosai, marafan kwalba su zama kuɗi. Littafi zai ce "What is the price of this item?", amma ba mai faɗin haka a gaban tukunya, sai "How much is it?" da "That's too much." A minti goman ƙarshe nakan rubuta a allo jimlolin da suka fito daga bakinsu, su kwafa a littafi, in bi da jan biro. Wannan minti goman kada ki yi wasa da shi, domin uban da ya biya kuɗin makaranta littafin zai buɗe da dare, kuma mai makarantar ma shi zai duba.

Littafin nahawu yana da ranarsa. A ƙarshen ƙaramar sakandare yaran nan za su zauna jarrabawar BECE, wadda hukumar WAEC mai hedikwata a Akra take shiryawa, kuma sakamakonta ne yake yanke babbar sakandaren da za a tura yaro, wadda ta zama kyauta tun 2017. A takarda za a auna su, inda dacewar aikatau da mai aikatawa da tsarin lokuta suke da maki. Ni daga aji huɗu nake fara kiran ƙa'idoji da sunayensu, kuma a lokacin abin yana sauƙi, domin suna kawai nake raɗa wa abin da ya riga ya zauna a kunnensu. Manhajar firamare ta 2019 ma magana da saurare ta sa a sahun farko, don haka idan wani ya ce ajinki ya cika surutu, kina da abin nuna masa.

Game da takardu, kwana 90 da ECOWAS ta ba mu na shiga ne kawai, aiki sai da izinin hukumar shige da fice, kuma a 2018 hukumar malamai ta ƙasa ta fara yin jarrabawar lasisi, don haka ki taho da ainihin takardun shaidarki. Littattafan nahawu ki ɗauko biyu don amfanin kanki, sauran gurbin akwatin ki cika shi da littattafan labarai masu manyan hotuna da kaset ko wayar da kika tara waƙoƙin yara a ciki. Idan kin iso, kafin ki karɓi ajinki, ki zo ki zauna a bayan nawa na mako guda ki saurari yaran.

Ki gaida mini mahaifinki da Inna.

Gwaggonki,
Kumasi