Kada ki ninka mata ƙwayar da kanki

'Yar'uwa daga Gusau, kin ce ƙanwarki ta kwana 10 tana shan fluoxetine miligiram 20 na ciwon damuwa, shiru ba sauƙi, ko a ninka mata?

A'a, don Allah. Wannan maganin ba fanadol ba ne, sai ya yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci har 6, kafin a ga hasken sa a fuska. Tashin zuciya da rashin barci su ke rigan sauƙin zuwa, kuma ninkawa su take ƙarawa, amfanin da ake samu sama da 20 ɗin kaɗan ne.

Ta riƙa sha da safe bayan ta karya. Kada mai kemis ya canza mata, kada kuma ta yanke shi kwatsam. In ta fara zancen gajiya da rayuwa, ku kai ta asibitin tarayya na Gusau (FMC) a ranar, kada ku jira ranar ganin likita.