Kama Ɗaki a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Ta Hannun Ejan Ko Kai-tsaye?

Wani ɗan kasuwa mai shagon yadi da turare a Bab Sharif, cikin Jidda, ya aiko da tambaya. Yana son ya fita da iyalinsa yawon shaƙatawa a jirgin ruwa daga Jidda zuwa gaɓar Masar su dawo, kuma su tara ne: shi da uwargida da yara huɗu da mahaifiyarsa, duk masu fasfon Najeriya da igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, sai ƙaninsa da matarsa da za su zo daga Kano da bizar ziyara. Wani ofishin ejan ya yanka masa farashi, ɗansa ya duba shafin kamfanin jirgin a intanet ya ga kuɗin kusan ɗaya ne, sannan wani mutum a WhatsApp ya ce zai samo masa ɗakunan da ragin kashi 30 cikin ɗari muddin ya tura kuɗin cikin asusunsa a makon nan. Yana tambaya wace hanya ce ta fi.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce ka bi ta hannun ejan mai lasisi, bisa sharuɗɗan da zan zayyana, ka kuma fita batun mutumin WhatsApp baki ɗaya. Sauƙin farashi ba ya cikin dalilaina, domin kamar yadda ɗanka ya gani da idonsa, tazarar da ke tsakanin ejan da shafin kamfani ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya sa na karkata wajen ejan shi ne takardun mutum tara da ba iri ɗaya ba ne.

Ya kamata ka fara sanin inda ejan yake cin abincinsa, domin daga nan ne za ka gane amfaninsa da kuma inda zai iya karkatar da kai. A wannan sana'a kamfanin jirgin ne yake biyan ejan kamasho, wanda yawanci yake farawa daga kashi 10 cikin ɗari na ainihin kuɗin ɗaki, ban da haraji da kuɗin tashar jiragen ruwa. Shi ya sa farashinsa da na shafin kamfanin suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. A ƙaddara kuɗin ɗakunanku ya kama riyal 20,000, to ladan ejan zai kama wajen riyal 2,000, kuma iyakar abin da zai iya sassauta maka daga aljihunsa ba zai wuce wannan ba, ko da ya yarda ya yi aikin a banza. Wanda ya ce zai rage kashi 30, wato riyal 6,000, sai ka tambayi kanka daga ina zai cike giɓin riyal 4,000. Gaskiya ne kamfanonin jirage kan yi babban rangwame a wasu lokuta, amma irin wannan rangwamen a fili ake shelarsa, kuma da ɗanka ya tarar da shi a shafin. Haka kuma manyan ejan-ejan kan kama ɗakuna da yawa tun da wuri a farashin sari, sai dai masu irin wannan ƙarfi suna da ofis da lasisi da asusun kamfani, ba sa cewa a tura kuɗi asusun mutum ɗaya kafin Juma'a. Kai da kake sayar da yadi ka san abin da ake nufi idan baƙon dillali ya kawo shadda ƙasa da kuɗin da aka saro ta.

Wannan harka ba ta daɗe a Saudiyya ba, don haka ba kowane ofishin da ya ƙware a tikitin jirgin sama da bizar Umra ne ya san ta ba. A 2021 ne asusun zuba jari na gwamnati ya kafa kamfanin Cruise Saudi mai hedikwata a Jidda, a shekarar ce kuma jirgin MSC Bellissima ya riƙa ɗaukar fasinja daga Jidda, sannan a Disamban 2024 jirgin AROYA, mallakin ƙasar, ya fara aiki da ɗakuna sama da 1,600 da wurin fasinja sama da 3,000. Ejan da ya san aikinsa zai gaya maka bambancin da ya shafi iyali kamar naka: AROYA ba a sayar da giya a cikinsa, babu gidan caca, abincinsa halal ne kuma akwai wuraren salla, alhali yawancin jiragen Turai suna da mashaya da wurin caca. Zai kuma san cewa Hajiya mahaifiyarka tana bukatar ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa inda tangaɗin ruwa ya fi sauƙi, kusa da lif, kuma ba a ƙarƙashin wurin kiɗa ba. Idan ka tambaye shi irin waɗannan ya fara kame-kame, to mai sayar da tikiti ne kawai, sai ka nemi wani.

Yanzu ga batun takardu, inda nake ganin ejan yake cin kamashonsa da guminsa. Da zarar jirgin ya bar ruwan Saudiyya ya nufi Sharm el-Sheikh ta Masar ko Aƙaba ta Jodan, a idon hukumar shige da fice kun fita daga ƙasar, tamkar kun tashi daga filin jirgin sama. Saboda haka duk mai igama a cikinku yana bukatar bizar fita da dawowa, wadda kuɗinta na fita ɗaya yake farawa daga riyal 200 na wata biyu. Ta iyali kai ne za ka fitar a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya ta intanet, kuma sai igamar kowa tana da sauran kwana, wanda ke nufin kuɗin zaman iyali na riyal 400 a wata kan kowane mutum ya kasance a biye. Fasfo kuma ana son ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Babban tarkon yana wajen ƙaninka da matarsa: idan bizar ziyararsu ta shiga sau ɗaya ce, ranar da aka buga masu hatimin fita a tashar Jidda ta ƙare ke nan, kuma ba su da abin dawowa da shi. Ma'aikatan jirgi sun san haka, don haka tun a bakin ƙofa za su hana su shiga, kuma a ƙa'idar kusan dukkan kamfanonin wanda aka hana shiga saboda rashin cikar takardu ba a mayar masa da ko riyal ɗaya. Shafin intanet zai karɓi kuɗinka ba tare da ya yi maka wannan tambayar ba. Sannan akwai bizar ƙasashen da jirgin zai yada zango, wadda sharuɗɗanta suka danganta da fasfon mutum, abin da aka yafe wa ɗan Saudiyya ba lallai ne a yafe wa mai fasfon Najeriya ko Nijar ba. Idan kuwa wata rana kuka yi sha'awar tafiyar Bahar Rum ta lokacin zafi, wadda ke bi ta Turkiyya da tsibiran Girka, sai an nemi bizar Turkiyya da ta Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai wadda ake shiga Girka da ita, tun da sauran watanni. Ka sa ejan ya rubuta maka, mutum bayan mutum, takardar da kowa yake bukata a kowace tasha, ya sa hannu da hatimin ofis. Ka sani dai ko ya rubuta, a yarjejeniyar kamfanin jirgi alhakin takardu yana wuyan fasinja, amfanin rubutun shi ne ka samu abin riƙewa idan ta kai ga ƙorafi.

Akwai wasu ƙa'idoji biyu da mutanenmu kan yi tuntuɓe da su saboda kunyar faɗa wa baƙo: galibin jirage ba sa ɗaukar mace mai cikin da ya kai mako 24, ba sa kuma ɗaukar jaririn da bai cika wata shida ba. Idan akwai wadda abin ya shafa, gara uwargida ta bincika a cikin gida kafin a ba da kafin alƙalami.

Aibin bi ta hannun ejan kuwa ba ƙarami ba ne, kuma ba zan ɓoye maka shi ba. Na farko, da zarar ya kama maka ɗaki, a littafin kamfanin jirgin cinikin nasa ne. Idan ka kira kamfanin kana son sauya ɗaki, ko gyara harafi a sunan yaro, ko soke tafiyar mutum ɗaya, yawanci za a ce ka koma wajen ejanka, shi kuwa yana iya kasancewa ya rufe ofis ranar Juma'a ko ya kashe waya a daidai lokacin da wa'adi yake cika. Wannan yana da nauyi domin tarar sokewa hawa-hawa take: tun da sauran watanni kafin alƙalami kawai za ka rasa, tana matsowa a riƙe rabi, a kwanakin ƙarshe a riƙe duka, don haka jinkirin kwana ɗaya daga ejan zai iya tsallakar da kai daga wani mataki zuwa na gaba. Wasu ofisoshin ma suna da tasu tarar a kan ta kamfanin. Na biyu, tunda kamasho yake ci, zuciyarsa za ta fi karkata ga ɗaki mai baranda da kamfanin da ya fi biyansa, ko da ɗakin ciki marar taga ya ishi samarin yaranka waɗanda barci kawai zai mayar da su ɗaki.

Na uku shi ne mafi girma, wato inda kuɗinka yake kwana tsakanin ranar da ka biya da ranar tafiya. Idan ka miƙa wa ejan kuɗi ya riƙe bai kai wa kamfanin ba, ɗakinka bai tabbata ba ko da kana riƙe da rasit, kuma idan ya karye kai ne a ruwa. Girman suna ba ya hana wannan. Kamfanin Thomas Cook na Ingila, wanda ya faro tun 1841, ya durƙushe a Satumban 2019 ya bar dubban ɗaruruwan matafiya a ƙasashen waje. Masu jiragen ma ba su tsira ba: shi kansa AROYA a da sunansa World Dream, an ƙera shi a Jamus a 2017, kuma ya zo hannun Saudiyya ne a 2023 ta hanyar gwanjo bayan uwar kamfaninsa, Genting Hong Kong, ta karye a Janairun 2022. Ko ba karyewa, hanya kan sauya, kamar yadda kamfanoni da dama suka soke tafiye-tafiyensu na Bahar Maliya daga ƙarshen 2023 saboda yaƙin Gaza da hare-haren 'yan Huthi a kan jiragen ruwa. A irin wannan hali kamfanin kan mayar da kuɗi ta hanyar da suka zo, wato ta hannun ejan, kai kuma sai ka zauna jiran ranar da zai ga damar miƙo maka.

Ga yadda za ka toshe wannan ƙofa. Ka je ofishin da ƙafarka ka ga lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido da rajistar kasuwancinsa, ka tabbatar sunan da ke jikinsu shi ne sunan asusun da za ka biya. Ka karɓi fatura ta hukuma mai lambar haraji da alamar QR, irin wadda doka ta wajabta tun Disamban 2021, kai ma ita kake bai wa masu sayen turarenka. Bayan kafin alƙalami ka nemi lambar kama ɗaki ta kamfanin jirgin kansa, ba lambar fayil ɗin ofis ba, ɗanka ya shigar da ita a shafin kamfanin a gabanka, ku ga sunayen mutum tara kamar yadda suke a fasfo, da lambobin ɗakuna, da abin da aka biya da abin da ya saura. Duk lokacin da ka ƙara biya a sake dubawa. Idan ejan zai yarda a cire kuɗin daga katinka kai-tsaye zuwa kamfanin jirgin, hakan ya fi komai, domin kamashonsa ba zai ragu ba kuma kuɗinka bai kwana a hannunsa ba. Biya da kati yana ba ka damar kai ƙara banki idan ba a yi maka aikin ba, damar da tsabar kuɗi ko turawa asusun mutum ba sa bayarwa.

Wajen kwatanta farashi kuma ka lura cewa kuɗin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki, don haka idan Hajiya za ta kwana ita kaɗai za a caje ta kusan kuɗin mutum biyu, gara a haɗa ta da jikarta. Ka tambaya ko an haɗa da kuɗin tasha da haraji da ladan ma'aikata da wasu jirage ke ɗorawa kan kowane fasinja kullum. Intanet da gidajen abinci na musamman da yawon cikin gari a kowane zango duk kuɗinsu daban, haka ma asibitin jirgi, wanda shi ya sa inshorar tafiya ta zama dole ga mai shekaru irin na Hajiya. Ka bukaci jimilla ɗaya a rubuce daga ejan, ɗanka ya fitar da irinta daga shafin, sannan ka roƙi ihsani. Mai ɗakuna huɗu a ciniki ɗaya yana da bakin neman a ƙara masa wani abu, ko motar kai ku tasha ko kuɗin kashewa a cikin jirgi. Da kun kai ɗakuna takwas ma, kamfanoni da yawa kan ba da gadon mutum ɗaya kyauta, kuma ejan ba zai ambata ba sai an tambaye shi.

Da kai da uwargida ne kawai, takardunku a kammale, tafiyar kwana uku, da na ce ɗanka ya kama maku a shafin kamfanin ku huta, domin babu abin da ejan zai ƙara maku sai tsawon hanya. Sai dai ko ta wace hanya ka bi, kamfanoni da yawa suna son a kammala biya tun da sauran wata biyu zuwa uku, saboda haka ka ɗauki ranar cikon kuɗin ka ajiye ta kusa da ranar da kake saro kayan azumi da na alhazai. Idan suka yi karo, ka matsar da tafiyar zuwa bayan aikin Hajji, lokacin da kasuwar Bab Sharif ta lafa kuma riba ta fito fili, domin kuɗin jirgin ya fita daga cikinta ba daga uwar kuɗi ba.