Ka auna jakar gaba ɗaya, ba laftof ɗin kaɗai ba

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya albarka a karatun. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a fannin akanta a BUK, Jami'ar Bayero ta Kano, kana zaune a Hotoro, kusan kullum sai ka je sabuwar jami'a ta titin Gwarzo a adaidaita, kuma kuɗin hannunka zai saya maka ɗaya cikin biyu: sabuwar laftof mai inci 15.6 ko ta hannu mai inci 14. Kana so ka sani ko maganar nauyi da ake ta yi gaskiya ce ko dai surutu ne kawai. Na ga wasu 'yan'uwa sun ce ka ɗauki babbar don idonka ya huta. Ba su yi ƙarya ba, amma ina jin yawancinsu a mota suke ajiye tasu, ko a kan teburin ofis take kwana.

Ni shekara goma sha ɗaya ke nan ina yawo da laftof a baya, aikin shigar da bayanai nake yi, kuma guda uku na yi amfani da su. Ta farko irin wadda kake kallo ce, inci 15.6, har da wurin saka faifan DVD. Ranar da na saye ta, da mai shagon ya jera min ita kusa da wata 'yar ƙarama mai kuɗi ɗaya, sai na ga ai asara ce mutum ya biya kuɗi ɗaya ya ɗauki ƙaramin kaya. Na ɗaga ta da hannu biyu na ji ba komai. A shago kuwa ba komai ɗin ne, tunda minti ɗaya za ka riƙe ta ka ajiye.

Bayan wata huɗu na fara jin kafaɗata ta dama tana min zafi idan na ɗaga hannu zan yi kabbara. Na ɗora laifin a kan matashi, na canza matashi. Wata rana na je ɗura gas, ina jiran layi, sai na roƙi yaron ya bar ni na ɗora jakata a kan sikelinsa. Kilo huɗu da ɗoriya. Na zazzage ta a nan gabansa yana dariya: laftof ita kaɗai kilo biyu da ɗari huɗu, caja da igiyoyinta kusan rabin kilo, ga ekstenshin mai baki huɗu da nake yawo da shi saboda batirin ba ya wuce awa biyu, ga mawus, ga littafi, ga jakar kanta mai kaurin soso da ta kusa kilo guda ba komai a cikinta. Ledar fiya-wata ɗaya rabin kilo ce. Ka lissafa, leda takwas nake rataye da su a kafaɗa ɗaya tun safe har magariba, ina kuma mamakin abin da ke damuna.

Wannan ne abin da nake so ka riƙe. Lambar da kamfani yake rubutawa nauyin laftof ne tsirararta. Kai kuma ba tsirararta za ka ɗauka ba. Babbar laftof tana jawo babbar jaka, sau da yawa babbar caja, in batirinta rago ne kuma dole cajar ta bi ka duk inda za ka. Bambancin da kake gani na giram ɗari shida ko bakwai a takarda, kafin ya iso kafaɗarka ya ninka.

Girma kuma daban, nauyi daban, mutane suna haɗa su. Inci ɗin da ake faɗa awon allo ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, inci ɗaya santimita 2.54 ne. Mai inci 13 faɗinta bai fi tsawon takardar A4 da komai ba, duk jakar da fayil ya shiga za ta shiga. Mai 14 takan kai santimita 32 ko 33. Mai 15.6 tana kaiwa wajen 36. Santimita uku ko huɗun nan ba a ganinsu a kan tebur, amma a bayan adaidaita ana ganinsu. Ka san yadda abin yake tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013: mutum uku a baya, jaka a kan cinya don ba mai hankalin da zai bar ta tana leƙo waje. Babbar laftof ɗina sai ta haye cinyata ta taɓo na kusa da ni. Akwai wata Hajiya da ta taɓa ce min, "Ɗana, wannan allon naka ka biya masa kuɗin kujera mana." In direba ya faɗa rami, kusurwar ce take bugun ƙarfen gefe. A haka mahaɗar murfin ta tsage, kullum sai na tallafe allon da hannu kafin na buɗe. Kuma jaka mai kusurwa huɗu da faɗi haka tana sanar da kowa abin da ke ciki, a garin da ake fama da masu ƙwacen waya. Ƙaramar kuwa cikin jakar 'yan makaranta take ɓacewa.

Daga Hotoro zuwa sabuwar jami'a ba hawa ɗaya ba ne, ka fi ni sani. In ka sauka a bakin ƙofa kuma akwai sauran tafiya, don filin makarantar nan ba ƙarami ba ne, ga rana a watan Afrilu.

To da na gaji sai na yi wauta ta biyu. Na sayar da ita na sayi 'yar mitsitsiya mai inci 11.6. Makon farko kamar an sauke min dutse. Amma garin neman gira na kusa rasa ido. Allon mai ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye ne, in na buɗe Excel layuka kaɗan nake gani, sai gungurawa sama da ƙasa, hagu da dama, har na manta abin da ke saman shafin. Madannan a matse, yatsuna suna cin karo da juna. Wuyana ya karɓi ciwon da kafaɗa ta ajiye, saboda duƙawa. In na buɗe abu uku a lokaci ɗaya sai ta tsaya tana tunani. Ban cika shekara da ita ba na ba wa ƙanwata tana kallon darasi.

Ta uku, wadda nake rubuta maka wannan da ita, mai inci 14 ce, ta hannu, irin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suke saya wa ma'aikatansu su sauya bayan 'yan shekaru. Kilo ɗaya da rabi. Jakata yanzu, da caja da komai, ba ta kai kilo biyu da rabi ba. Irin wannan ajin su ne su Dell Latitude 7490, HP EliteBook 840 G5 da Lenovo ThinkPad T480, duk na wajen 2018, nauyinsu tsakanin kilo 1.4 zuwa 1.6 da 'yan kai. Don yawo aka ƙera su tun asali, shi ya sa jikinsu ya fi na sababbin masu araha ƙwari. Suna cika a shagunan titin Beirut.

Maganar ido da 'yan'uwa suka kawo, ga yadda take. Allon 15.6 ya fi na 14 fili da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wannan gaskiya ne. Sai dai yawan abin da allo yake nunawa ya fi dogara da yawan ɗigon da ke cikinsa. Mai inci 14 da 1920 da 1080 zai nuna maka layukan Excel fiye da mai 15.6 da ke da 1366 da 768, kuma rubutun ya fi fita tas. Yawancin sababbin manya masu araha a nan ake rage musu kuɗi, a allo da batir. Don haka ka tambayi wannan lambar kafin ka tambayi inci. In ka samu mai allon 16:10 maimakon 16:9, ya fi tsawo daga sama zuwa ƙasa, wanda shi mai karatu da lissafi yake buƙata, amma waɗannan sun fi yawa a 'yan baya-bayan nan, kuɗinsu ya fi.

Abu ɗaya da za ka yi kewa a matsayinka na ɗan akanta shi ne madannan lambobi na gefen dama. Yawancin masu 15.6 suna da su, masu 14 ba su da su. Ni ma da aikina lambobi ne na ji rashinsu sosai. Maganinsa ɗan ƙaramin madannin lambobi da ake jonawa ta USB, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ka bar shi a gida inda za ka yi dogon aiki. Haka allo: in kana da talabijin mai ramin jona hoto na HDMI ko ka samu tsohuwar monita, ka jona da daddare ka samu inci ashirin da wani abu. Na san za ka ce sai in akwai wuta. Haka ne. Ranar da babu, inci 14 ɗin yana isata.

Tunda an zo maganar wuta, a wajenmu batir shi ne rabin nauyi. Laftof ɗin da za ta kai ka awa biyar ko shida tana ba ka damar barin caja a gida wasu ranakun, kuma ba za ka shiga sahun masu rububin soket ɗaya a bayan aji ba. Ta hannu kuwa batirinta ya riga ya sha aiki, kada ka yarda da "yana daɗewa" na mai shago. Ka buɗe wurin rubuta umarni na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fito maka da takarda mai nuna ƙarfin batirin lokacin da aka ƙera shi da abin da ya rage yanzu. In ya zube da yawa, a rage maka kuɗin sabon batir a cikin ciniki. Sannan ka tabbatar tana caji ta USB-C. Wannan ƙaramin abu ya rage min kaya fiye da komai: caja ɗaya mai wat 65, irin ƙananan nan da ake kira GaN, wasu ba su kai nauyin babbar waya ba, ita take cajin laftof da wayata. Fawa banki mai ƙarfin fitar da wat ɗin ma yana iya tayar da ita.

Kada kuma son sauƙin nauyi ya kai ka ga siraran nan ba tare da ka san abin da aka cire ba. Tun da Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga ambulan a Janairun 2008 kamfanoni suke tseren sirantaka, kuma an yi nisa: MacBook Air mai inci 13 wajen kilo 1.2 ne, ThinkPad X1 Carbon mai inci 14 wajen 1.1, LG Gram mai inci 17 guda bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Amma kowace da abin da ta biya. A yawancin siraran, RAM, wato ma'ajiyar da na'urar take riƙe aikin da take yi a lokacin, a like yake da kayan cikinta, ba a ƙarawa, abin da ka saya da shi za ka mutu. Ramukan jona kaya sun ragu, ranar da za ka gabatar da aikinka a gaban malamai sai ka tarar majigin yana neman HDMI ko ma tsohon VGA, sai ka koma yawo da 'yan mahaɗai, nauyin da ka gudu ya dawo ta taga. Ga zafi: siririn jiki ba shi da wurin zagayawar iska, in ya yi zafi na'urar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A ɗaki mai sanyin na'ura ba za ka lura ba. A Kano lokacin bazara, zafi ya haura 40, ba wuta ba fanka, za ka lura. Masu ɗan kaurin nan na ofis kuwa kowane mai gyara yana kwance su ya busa ƙurar hunturu daga fankar, T480 ma ramin RAM biyu gare ta.

Ba cewa nake babba ba ta da ranarta ba. Wanda yake da mota, ko laftof ɗinsa daga ɗaki sai falo, ko mai zanen gini da haɗa bidiyo, ko wanda likita ya ce idonsa na da matsala, ya ɗauki 15.6 ya more. Yayana ita gare shi, shekara nawa bai taɓa kuka ba, don bai taɓa rataya ta ba. Wadda zan hana ka kai tsaye ita ce ta 'yan wasan gem, ko da an yi maka araha. Ita kanta ta haura kilo biyu, cajarta kamar bulo, batirin kuma ba ya jimawa.

Don haka a naka halin, mai inci 14 zan ɗauka, in dai allonta 1920 da 1080 ne, RAM bai gaza giga 8 ba, kuma SSD ne a ciki, wato ma'ajiyar fayil mai sauri. Ka duba injinta ya kasance Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, saboda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma daga ƙarni na takwas ta fara karɓa. Akwai masu kama da juna sak a jiki amma ɗaya ƙarni na bakwai ce, sai ka karanta lambar da idonka.

Jakar ma ka ba ta haƙƙinta. Mai hannu biyu ta goyo, ba ta ratayawa a kafaɗa ɗaya ba, kuma ka goya ta da hannayen biyu ko da za a ce ka koma ɗan firamare. Ka duba aljihun laftof ɗin ya kasance bai taɓa gindin jakar ba, don ranar da ka dire ta a ƙasa da sauri kada kusurwa ta sha bugu.

Ranar da za ka je saye, tafi da jakar da za ka riƙa amfani da ita da littattafan da ka saba ɗauka. Ka roƙi mai shagon ya bar ka ka saka kowacce da cajarta, ka goya, ka tsaya da ita har ku gama ciniki. Ciniki a titin Beirut ba ya gaza rabin awa, ya ishe ka ka ji bambancin. In ka ga wata takamaimai kafin nan, turo lambarta da hoton takardar batirin na duba maka.