Yara Sun Ce In Zauna In Huta, Gwiwa Kuma Sai Ƙara Take

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, shekarata 64, na yi ritaya daga aikin gwamnati, ina zaune a Fadaman Mada nan Bauchi. Da ina aiki ko ba komai ina hawa bene ina sauka, yanzu kuwa daga gida sai masallaci sai majalisa, majalisar ma a ƙofar gidana take. Ina shan maganin hawan jini, in zan tashi daga tabarma kuma sai na dafa bango. Na ce zan fara fita tattaki da safe, yara suka ce Baba ka zauna ka huta kar ka je ka faɗi a titi. To wa ya fi gaskiya, ni ko su?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kai ka fi su gaskiya, amma a yi musu uzuri, ƙauna ce ta sa su. Abin da ba su sani ba shi ne zaman nan da suke so ka yi shi ne zai kai ka ga faɗuwar da suke tsoro. Naman jikin mutum tun daga wajen shekara 30 yake fara raguwa a hankali, in an wuce 60 kuma sai ya ƙara sauri, kuma cinya ce kan gaba, ita kuwa cinyar ita ke riƙe gwiwa, shi ya sa kake neman bango in za ka miƙe. Gwiwa kamar ƙyauren shago take, in an daɗe ba a buɗe ba ranar da aka zo buɗewa sai an ji kukansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2020 cewa ta yi babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, wato in ka yi minti 30 sau biyar ka cika mafi ƙaranci. Amma dan Allah kar ka fara da 30 ɗin gobe, minti 10 ya isa a satin farko, sai ka riƙa ƙara biyar biyar. Matsakaici kuma ba sai ka sayi agogon nan mai ƙirga taku ba, in kana tafiya kana iya hira da na kusa da kai amma numfashi ya ɗan ɗaga, to kana kan daidai, in kuwa maganar ma ta gagara ka rage sauri.

Dabara mafi sauƙi a wajena, ka canza masallacin Asuba, ka bar na ƙofar gida ka tafi wanda ke layi na uku ko na huɗu, a dawowa gari ya fara wayewa sai ka zagayo ta doguwar hanya. Ka ja aboki ɗaya daga majalisar, don wallahi mutum shi kaɗai sati biyu yake yi ya watsar. Ka guji bakin babban titi saboda 'yan acaɓa da masu Keke Napep, ka ajiye silifas ka sa kambas mai taushin ƙasa. Dutsen Warinje kuma a bar wa samari tukuna, ba hawan ba ne matsala, saukowar ce ke cin gwiwa.

Tattaki kaɗai ba zai raba ka da dafa bango ba fa. Ka samu benci ko kujera mai ƙwari a tsakar gida, ka zauna ka tashi ba tare da ka sa hannu ba, sau 8 zuwa 10, ka huta ka sake, kwana biyu ko uku a sati. Sannan ka tsaya kusa da bango ka ɗaga ƙafa ɗaya ka ƙirga zuwa goma, ka canza. Wannan na biyun shi ke hana tangaɗi, kuma ga 'yan 65 zuwa sama hukumar cewa ta yi a yi irinsa aƙalla kwana 3 a sati, kai kuwa saura kaɗan.

Kafin ka fara ka je a auna jinin naka, ka gaya wa likitanka, kuma ko ya sauka kar ka ajiye magani da kanka. In kana tafiya ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko gumi mai sanyi, ka tsaya nan take a kai ka asibiti, ba abin a ce bari in daure ba ne. A watan Maris da Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40 ka gama kafin ƙarfe takwas kuma ka riƙe gorar ruwa, da hunturu kuwa ka bari sai hantsi ya ɗaga ƙura ta ɗan lafa.

TAMBAYA: Ni daga Tudun Wada Gombe nake, shekarata 57, ina da ciwon suga, likita ya ce in riƙa tafiya amma kunya nake ji a ganni ina zagaye unguwa ba dalili, surukaina ma a layin suke.

AMSA: Hajiya ai dalilin sai a ƙirƙiro shi. Ba wanda ya ce sai kin sa kayan 'yan ƙwallo, hijabinki da takalmi rufaffe sun wadatar. Raka jikoki Islamiyya da ƙafa, gaida mara lafiya a unguwar gaba, ɗan cefanen da kike aiken yara, duk tafiya ce kuma ba mai ɗaga ido ya kalle ki. Ga mai suga ma tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana taimakawa sosai wajen hana sugan hawa, wannan kuwa ko a tsakar gida bayan tuwon dare za ki iya. In kina kan allurar insulin ko ƙwayar da ke saukar da suga da yawa, ki ƙulle dabino biyu uku a gefen zani saboda in kika ji rawar jiki da gumi. Kina dawowa kuma ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, masu suga ƙaya kan soke su ba su ji ba, in kin ga ƙuje ko ƙaramin ciwo kar ki shafa komai, kar kuma ki jira, ki kai a duba.