Tambayi Likita: 2030 Ta Ƙarato, Ina Aka Kwana a Harkar Lafiya?

Wani malamin Islamiyya daga Idi-Araba: Likita, kullum muna jin maganar muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya a rediyo. Akwai abin da ya canza kuwa, ko taron otal ne kawai?

Allah ya gafarta Malam, akwai abin da ya canza, sai dai ciwon da aka kawar ba ya barin shaida, shi ya sa ba a lura. Yaushe rabonka da ganin mai kurkunu yana naɗe tsutsa a jikin tsinke? A 2013 aka tabbatar wa Nijeriya cewa ta rabu da shi. A duniya baki ɗaya, yaran da suka mutu kafin su cika shekara biyar sun haura miliyan 12 a 1990, amma a 2022 sun sauko ƙasa da miliyan 5. Mu na Legas kuma ba mu manta 2014 ba, lokacin da wani matafiyi ya shigo da Ebola daga Laberiya, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, aka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da shi, zuwa Oktoba aka bayyana cewa cutar ta ƙare a ƙasar. Ita kanta Daktar ta rasa ranta a wannan aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne haihuwa. Muradun da aka amince da su a 2015 sun ce zuwa 2030 kada matan da ke mutuwa sanadin ciki da haihuwa su kai 70 a cikin haihuwa 100,000. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu 512 a Nijeriya, yara 132 kuma a cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar, alhali abin da ake nema 25 ne. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, amma kasafin tarayya bai taɓa kai nan ba. A ganina dai, da wannan tafiyar ba za mu cim ma 2030 ba.

Wata mai ciki wata bakwai daga Agege: Ƙafafuna da fuskata sun kumbura, kaina na sarawa. Surukata ta ce zaƙi ne, in sha jiƙo, kuma a gida ta haifi nata tara.

'Yar'uwa, yau ɗin nan ki je a auna jininki, kada ki jira ranar awo. Kumburin ƙafa kaɗai ba abin tsoro ba ne ga mai ciki. Amma idan fuska da hannu suka kumbura har zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to muna zargin hawan jinin ciki, wanda shi ne ke rikiɗewa ya zama jijjiga. Za a ɗaura miki abin awo a dantse, a kuma gwada fitsari. Idan jini ya kai 140 bisa 90 kuma aka ga furotin a fitsarin, sai magani da sa ido. Idan ya yi tsanani akwai allurar magnesium sulphate da ke hana jijjigar, wani lokaci kuma dole a fitar da jariri kafin lokacinsa don a ceci ku biyun. Jiƙo ba ya sauke wannan jinin.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, ba ƙarya ta yi ba, mafi yawan haihuwa lafiya take zuwa. Matsalar ita ce ba wanda ya san wadda za ta zo da gardama. Jinin da ya ɓalle bayan haihuwa, idan ya wuce rabin lita, wato kamar ledar fiya wata ɗaya, yana iya kashe mace cikin awa biyu. A asibiti ana yin allurar oxytocin cikin minti ɗaya da fitowar jariri don mahaifa ta tsuke. A gida sai a yi ta canza zani, ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini, sannan a fita a tarar da gosulo. Don haka tun yanzu ku zaɓi asibitin da ke aiki dare da rana, maigida ya ba da izininsa tun kafin naƙuda, a ajiye kuɗin mota da lambar direba, a san ɗan'uwan da zai ba da jini. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Ku tambayi yadda ake shiga inshorar jihar, Ilera Eko.

Bayan kin sauka, ki bar kunun kanwa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma likitocin Zariya sun daɗe da danganta ta, ita da wankan jego da tafasasshen ruwa, da gazawar zuciya ga masu jego.

Wani mai sayar da tumatir a Mile 12: An ce shan inna ya ƙare, me ya sa har yanzu ake bin gida-gida ana ɗiga wa yara?

Alhaji, wanda ya ƙare shi ne ƙwayar cutar ta asali. A Nijeriya an ga ta ƙarshe a Borno a 2016, aka bayyana Afirka ta rabu da ita a Agustan 2020. Amma tana nan a Pakistan da Afganistan. Ban da haka, raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon tana fita a kashin yaro. A inda yara da yawa ba su da rigakafi, takan yi ta yawo tsakaninsu har ta sake ƙarfi ta shanye ƙafa. Inda kowa ya karɓa, ba ta samun masauki.

Kada a ɗauka ɗigon ƙofar gida ya wadatar. A kai jariri asibiti ranar haihuwa, sai sati 6, 10 da 14, sai wata 9 don ƙyanda da zazzaɓin shawara, sai wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Idan iyali sun tafi Arewa ganin gida, katin ya bi su. Allurar da ta wuce ba a komawa farko, ɗorawa ake yi.

Wata uwa daga Ijora: Ɗana mai shekara biyu yana gudawa, mai kemis ya ba ni Flagyl.

Ba abin da ya fi buƙata ba ke nan. Gudawar yara galibi ƙwayar bairos ce, kuma bushewar jiki ce ke kisa. Ki sayi ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, ki duba jikin ƙunshin: na lita ɗaya a zuba a ruwa mai tsabta lita ɗaya cif. Idan babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri, a lita ɗaya. Gishirin da ya zarce haka illa ne. Ki ba shi rabin kofi zuwa kofi bayan kowace gudawa. In ya yi amai ki dakata minti goma, ki ci gaba da cokali. Abin da ya kai awa 24 a zubar. Ki haɗa da zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya a rana ta uku, nan ne iyaye da yawa ke yin sake. Kada ki hana shi abinci.

Idan idonsa ya faɗa, ya ƙi sha, ya daina fitsari, ko kika ga jini a kashin, ki ɗauke shi asibiti. Idan kuma kashin ya koma fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ki yi zaton kwalara irin wadda ta ɓarke a Legas a Yunin 2024, ki riƙa ba shi ruwan ORS ɗin tun a cikin mota. Ruwan da mai ruwa ya kawo a jarka kuma, a tafasa shi kafin kowa ya sha.